Targaɗe ne ko karaya? Kafin a ja maka ƙafa, ji wannan



Makon jiya a filin ƙwallon unguwarmu ƙanena ya gurɗe a idon sawu. Kafin in ƙaraso, mutum biyu sun danne shi, na uku yana jan ƙafar wai zai mayar da ita. Wallahi raina ya ɓaci. Da ƙashi ne ya tsage, wannan jan ƙara ɓata shi zai yi.

Targaɗe shi ne jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta miƙe fiye da kima ko ta yage. Babu abin da ya goce, balle a mayar.

To yaya za ka bambance? A 1992 likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar da ƙa'ida: idan mutum ya kasa yin taku 4, ko ya ji zafi in an danna bayan ƙashin idon sawun, a kai shi asibiti a ɗauki hoto.

In ba haka ba, a huta. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙafar kan matashi. Kwana 2 na farko ban da ruwan zafi, ban da murza. Zafi na raguwa, a fara motsa ta a hankali.

Ƙanena targaɗe ne, Alhamdulillahi. Ku tura wa kocinku wannan.