Ƙwan Kwaɗo da Asalin Shimfiɗar Tsakiya

Da zarar damina ta zauna a ƙasar Kazaure, kududdufai da fadamu, daga Roni da Gwiwa har gabas wajen Babura, su kan cika da ƙwan kwaɗo, wani a jere cikin zare mai yauƙi, wani a dunƙule. Kowane yaro ya sani bayan 'yan kwanaki talibambam zai fito, watau ɗan kwaɗo mai wutsiya. Malami ma sau da yawa nan ya kan tsaya, ya ce ƙwai ya zama talibambam, ya wuce. Amma cikin wannan "zama" akwai aiki mai yawa, kuma wanda zai koyar da shi da Hausa wajibi ne ya san aikin tukuna, sa'an nan ya zaɓi aikatau da ya dace da shi.

Ƙwan yawancin kwaɗi launi biyu gare shi: sama baƙi, ƙasa fari-fari, inda gwaiduwa ta taru. In maniyyi ya shige shi sai ya tsage biyu, huɗu, takwas, har cikin 'yan awoyi ya zama dunƙule mai dubban ƙwayoyin halitta. Daga baya ƙwayoyin su kan kasu shimfiɗa uku. Ta waje ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa, ta ciki ita ke ba da rufin hanji da hanta. Ta tsakiya kuwa ita ce asalin tsoka da jini da zuciya da ƙoda, da sandar baya wadda ƙashin baya ke ginuwa a kewayenta. Tana ɓullowa ne kamar ɗamara, daidai inda baƙi ya gamu da fari.

Me ya sa nan? A 1969 Pieter Nieuwkoop, masani ɗan ƙasar Holan, ya gwada a ƙwan aksolotil, wata 'yar'uwar kwaɗo ta ƙasar Meksiko. Ya yanke ɗamarar ya kawas da ita. Saman da aka bari shi kaɗai, fata kurum ya yi. Ƙasan ma bai yi tsoka ba. Amma da aka manna su, sai ga tsoka da sandar baya, kuma daga ƙwayoyin sama su ka fito. Ashe wani abu ne ke tasowa daga ƙasa yana juya maƙwabtansa. An maimaita gwajin a kwaɗon ruwa mai farce, wanda masana ke kira Xenopus, ya ba da abu ɗaya. Wannan kwaɗo ɗan Afirka ne, har ma irin da aka karanta dukan kundin gadonsa a 2010 zuriyar kwaɗin Nijeriya ce.

An yi shekara goma sha takwas kafin a fara gane abin da ke tasowa. A 1987 Jonathan Slack da abokan aikinsa a Ingila su ka jiƙa guntun saman ƙwai cikin ruwa mai wani furotin, FGF, ya yi naman shimfiɗar tsakiya ba tare da ƙasan ba. A 1990 Makoto Asashima a Japan da Jim Smith a London su ka nuna wani furotin, aktibin, ya fi shi ƙarfi. Irin waɗannan su a ke kira sinadaran girma: ƙwaya ta fitar da su, su manne wa makarɓa a bangon wata, makarɓar ta isar da labari ciki, a buɗe waɗansu sassan gado da ke rufe.

Abin sha'awa shi ne batun yawa. Aktibin kaɗan ya kan ba da ƙwayoyin jini, in an ƙara a sami tsoka, in an daɗa ƙarawa a sami sandar baya. Sinadari ɗaya ne, gwargwadon yawansa gwargwadon amsar. Sa'an nan akwai lokaci: in guntun saman ya wuce wa'adinsa, kome yawan aktibin da aka zuba masa, fata zai yi. Bincike na baya ya nuna cewa cikin ƙwai kansa, dangin aktibin da a ke kira Nodal su ne manyan masu aikin, kuma wani abu da uwa ta ajiye a ƙasan ƙwai, VegT, shi ke tayar da su. FGF kuwa riƙewa ce aikinsa: da Enrique Amaya da Marc Kirschner su ka toshe makarɓarsa a 1991, a Amurka, 'ya'yan sun fito da kai, amma gangar jiki da wutsiya sun nakasa.

To, da wane aikatau za a faɗi wannan? In an ce sama ya zama tsoka, an ɓoye ƙasan, alhali shi ne tushen lamarin. In an ce ƙasa ya mayar da sama tsoka, an wuce gona da iri, gama "mayar da" ya kan bar sama a matsayin karɓau, kamar yumɓu a hannun mai ginin tukwane. Kuma gwajin wa'adi ya ƙaryata haka. Wanda ya fi dacewa shi ne "sa": ƙasa ya sa sama ya zama tsoka. Jimlar tana da aikau biyu, na biyun da lamirinsa, watau wanda aka sa shi ma mai aiki ne, yana iya kāsa amsawa. Kalmar "saƙo" ba laifi a gaban ɗalibai, muddin an gaya musu ba mai niyya a ciki. "Umurni" dai a bar ta, don ba ta ɗauke da batun yawa ko kaɗan.

Gwajin yanka ya fi ƙarfin aji, sai da madubin ƙara girma da allura mai kaifi ƙwarai. Amma launin nan biyu, da tsagewar farko, ana ganinsu da gilashin hannu, in an ɗebo ƙwan cikin kwalba da sassafe, washegarin ruwa mai yawa.