Yadda Za Ka Rage Shan Mai A Tsohuwar Motarka A-Kori-Kura

Manomi, ribar noma ba a gona kaɗai take ba. Sau da yawa mutum ya sha wahalar damina ya tara amfani, amma kafin buhunan su kai kasuwa kuɗin mai ya cinye masa riba. Abin ya ƙara tsanani tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki.

Da yawa daga cikin a-kori-kurar da ke yi mana dako tsofaffi ne masu kafireta, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar a 1975. Amma ba tsufa kaɗai ke sa mota shan mai ba. Galibi sakaci ne da ƙananan abubuwa waɗanda gyaransu ba tsada.

Fara da awo

Cika tanki fal, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. Yi aikinka kamar kullum, sa'an nan ka sake cikawa. Misali, in ka yi kilomita 300 tankin ya ɗauki lita 45, ke nan lita 15 motar ke sha a kowane kilomita 100. In mitar ta mutu, auna da hanyar da ka saba bi, kamar daga gida zuwa kasuwa da komowa. Maimaita awon bayan kowane gyara, don ka san wanda ya yi amfani.

Abubuwan da za ka duba

1. Iskar taya. Tayar da ba ta cika ba nauyi take ƙara wa inji, ga saurin cinyewa. Je wurin mai faci kowane mako ya auna maka, da safe kafin tayoyin su ɗau zafi. Kada ka dogara da bugun ƙafa.

2. Matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye kan toshe ta. In inji bai sami isasshiyar iska ba, sai kafireta ta zuƙo mai fiye da kima. In ta takarda ce, kakkaɓe ta, in ta toshe ka canza. In mai baƙin mai ce, wanke ta ka zuba sabo daidai alama. Kada ka cire ta gaba ɗaya, ƙura za ta cinye injin.

3. Fulogi. Kwance su ka duba. In bakinsu ya yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma salansa na fid da baƙin hayaƙi, mai na ƙonewa a banza.

4. Birki. Bayan tafiya, kusanta hannunka ga kowace ƙafar mota. Wadda ta fi sauran zafi, mai yiwuwa birkinta na kamawa.

5. Yoyo. In kana jin warin fetur, ko ka ga ɗigo inda motar ta kwana, bi tiyo da tanki ka duba. Ban da asara, gobara ce ke jira.

Sai ka gama da waɗannan tukuna za ka kai wa makanike ya daidaita kafireta. Kada ka bari ya shaƙe ta ƙwarai wai don tsimi. Injin zai riƙa zafi, ƙarfinsa ya ragu, ka komo kana neman kuɗin gyara.

Tuƙi da lodi

Taka totur a hankali, ka sa babbar giya da zarar hanya ta ba da dama. Da gudu ya wuce kilomita 80 a awa, shan mai sai ya yi ta hauhawa. In ana lodi ko ciniki, kashe injin, don motar da ke tsaye a kunne tana iya shan lita ɗaya ko fiye a awa guda.

Irin waɗannan motoci kimanin tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100. In ka ɗora fiye da haka, abin da ka samu a kuɗin dako zai tafi a mai da taya da sifirin. Haka kuma kada ka fita da buhu biyu kacal. Haɗa kai da maƙwabta ku cika motar ku raba kuɗin mai, in za ku komo ku ɗauko taki ko iri.

Gargaɗi

Wasu direbobi kan kashe inji ko su sa mota a firi in sun zo gangara. Kul! In inji ya mutu birki kan yi tauri, kuma mota mai lodi in ta ƙwace ba ta jin kira. Man da za ka tsimta bai kai ran mutum ba.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.