Dalilan Nawar Rubutu a Haɗakar Fayafayan Kwamfuta

A shekarar 1988 ne masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana tsarin da ake kira RAID. Manufarsa ita ce a haɗa fayafayan ajiya da yawa su yi aiki tamkar guda, domin in ɗaya ya lalace kada bayanai su salwanta. Inda babu na'ura ta musamman, manhaja ce ke riƙe da ragamar haɗakar, kamar mdadm a Linux. Kukan da ma'aikata suka fi yi shi ne karatu yana sauri, amma rubutu sai nawa.

Asalin matsalar yana cikin tsarin kansa. A RAID 5 ana rarraba bayanai layi-layi a kan fayafayan, kowane layi da lissafin kariyarsa. In za a sauya ɗan guntu kaɗai, dole a karanto tsohon guntun, a karanto tsohon lissafin, sannan a rubuta sababbin biyu: aiki huɗu ke nan domin rubutu ɗaya. A RAID 6 kuwa shida ne. Duk wanda ya san Tashar Kawo a Kaduna ya san motar Kano ba ta tashi sai ta cika, domin man da za ta sha kusan ɗaya ne, ko da fasinja guda ko da cikakken lodi. Haka nan in rubutu ya cika layi, ba a bukatar karanto komai.

Mai bincike zai fara duba /proc/mdstat, domin haɗakar da ke sake gina kanta tana raba ƙarfinta gida biyu. Na biyu, a auna kowane faifai shi kaɗai, tunda ayari ba ya wuce tafiyar raƙumin da ya fi rauni. Na uku, a tabbata rabon faifan ya dace da gidajensa masu bayit 4096, in ba haka ba guntu ɗaya zai hau gida biyu. Na huɗu, a san irin faifan. A 2020 ta bayyana cewa wasu fayafayan WD Red na kamfanin Western Digital suna rubutu ne layi bisa layi, kamar jeren kwanon rufi, kuma irinsu kan yi sanyi ƙwarai in aiki ya yi yawa.

Akwai masu neman sauri ta hanyar barin bayanai su daɗe a ma'ajiyar wucin gadi kafin su sauka kan faifai. A ofishin da ake yawan ɗauke wuta, wannan ganganci ne: in wuta ta yanke tsakanin rubuta guntu da rubuta lissafinsa, kariyar ta gurɓace ba tare da kowa ya sani ba, sai ranar da faifai ya mutu. Saboda haka batirin tallafi wajibi ne. Ofishin da ƙananan rubuce-rubuce suka yi wa yawa, kamar na albashi, gara ya zaɓi RAID 10, ya haƙura da rabin sarari, ya sami rubutu biyu maimakon aiki huɗu.