Tseren Formula 1 a Jidda: Abin da ɗan kallo ke gani daga bayan shingen waya

Motar Formula 1 tana kewaye filin tseren Jidda a ƙasa da minti ɗaya da rabi. Tsawon zagayen kilomita 6.174 ne, da lanƙwasa 27, kuma idan direba ya saki ƙafa matsakaicin gudunsa kan kai kilomita 250 a sa'a. Da za a ɗora wannan gudun a kan hanyar Kano zuwa Kaduna, awa ɗaya ba za ta cika ba an isa.

Akasarin Hausawa sun san Jidda ne a matsayin mashigar Makka, garin da alhazai ke sauka, garin kasuwa da sayayyar tsaraba. Amma tun watan Disambar 2021 birnin ya ƙara wani suna a duniyar wasanni, lokacin da aka buɗe filin tsere a bakin Bahar Maliya, ba nisa da masallacin Al-Rahma da aka gina a kan ruwa. A ƙasa da shekara ɗaya aka gina shi. A cikin filayen da ake kafawa a titunan birni babu wanda ya kai shi sauri.

Ido ba ya riƙe motar

Wanda ya saba kallon tseren a talabijin, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙarancin abin da zai gani. Kyamara tana bin mota daga sama, tana shiga cikinta, tana maimaita duk abin da ya faru. Ɗan kallon da ke zaune a rumfa kuwa, ɗan yanki ne kawai na titin ke gabansa. A inda titin ya miƙe motocin suna wuce kilomita 320 a sa'a, wato tsawon filin ƙwallo a cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Kafin ka ɗaga waya ka saita, mota ta ɓace, hoton shinge kawai ka samu.

Shi ya sa zaɓen wurin zama ya fi komai muhimmanci. Kujerar da ke fuskantar layin tashi tana nuna shirin farawa da garejin makanikai da kuma tutar kammalawa, amma da zarar an tashi sai dai wulgawa. Wurin da ya fi armashi shi ne kusa da kwanar da ake taka birki da ƙarfi, kamar ta farko, domin a nan ne mota ke sauka daga matsanancin gudu cikin 'yan mitoci, a nan ake ƙwace matsayi, a nan kuma ake yin kuskure. Kowace kujera mutum ya saya, ya tabbatar akwai babban allo a gabansa. In ba haka ba, da zarar an fara shiga canjin taya ba zai ƙara sanin wanda ke gaba ba.

Abin da talabijin ba ta iya kawowa shi ne abin da jiki ke ji. Ƙarar tana dukan ƙirji, warin roba da ya ƙone yana biyo iska, kuma da yake da daddare ake yin tseren, ana ganin tartsatsin wuta yana fita daga ƙasan motocin idan suka gogi kwalta. Tsofaffin masoya wasan suna ƙorafin cewa tun 2014, da aka koma ƙaramin inji mai lita 1.6 haɗe da lantarki, ƙarar ta ragu. Duk da haka abin toshe kunne ba ado ba ne, musamman ga wanda ya zo da yara.

Kwana uku ake yi

Tseren ba na rana ɗaya ba ne. Juma'a ranar atisaye ce, jama'a ba su da yawa, kuma ita ce ranar da baƙo zai samu sararin zagawa ya fahimci wurin. Asabar ake fafatawar neman gurbi, inda kowane direba ke neman zagaye mafi sauri, ana zubar da na baya kashi-kashi har a rage goma da za su nemi sahun gaba. Ga masu son ganin iyakar gudun mota, wannan ce ranar, domin mai kaɗan ne a tanki kuma tayoyin sababbi ne.

Ranar Lahadi da ƙarfe 8 na dare agogon Saudiyya, 6 na yamma ke nan a Najeriya da Nijar, fitilu biyar jajaye ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Suna mutuwa sai a tashi. Zagaye 50 ake yi, kilomita 308 da ɗoriya. A 2024 an matso da tseren zuwa Asabar, 9 ga Maris, saboda azumin Ramadan da ke ƙofa.

Akwai 'yan alamomi da ke sauƙaƙa fahimta. Launin da ke jikin taya yana faɗin irinta: ja mai laushi ce, tana da sauri amma ba ta jimawa, rawaya tsaka-tsaki, fara kuma mai tauri. Doka ta tilasta wa kowane direba amfani da iri biyu idan babu ruwan sama, don haka dole a tsaya. Makanikai kusan 20 ne ke rufar wa motar, su sauya tayoyi huɗu a daƙiƙa biyu zuwa uku. Tuta rawaya na nufin haɗari a gaba, ba a wuce kowa. Ja kuwa an dakatar da tsere ke nan.

Katanga a dama, katanga a hagu

A Jidda tutocin nan ba sa hutawa. A yawancin filayen duniya, idan direba ya kauce akwai ciyawa ko tsakuwa da za ta tare shi. A nan katanga ce ta bi titin kusan ko'ina, kuma da yawa daga lanƙwasoshin direba ba ya hango abin da ke bayansu sai ya shiga.

Tseren farko, ranar 5 ga Disambar 2021, sau biyu aka dakatar da shi. Lewis Hamilton da Max Verstappen suka yi karo da juna, Hamilton ya ci, suka tafi tseren ƙarshe na Abu Dhabi da maki iri ɗaya, 369.5 kowanne. A shekarar da ta biyo baya Mick Schumacher ya daki katanga a ranar neman gurbi har aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti. Bai ji mummunan rauni ba, amma bai shiga tseren ba. Kafin na 2023 sai da aka ja wasu katangun baya don direbobi su riƙa ganin gabansu.

Dogon shingen wayar da ke ɓata wa 'yan kallo hoto ma yana da tarihi. A 1955, a Le Mans ta ƙasar Faransa, wata mota ta tashi sama ta tarwatse a cikin jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu. Duk tazarar da ake bari yau tsakanin titi da kujeru, da irin wannan asarar aka koye ta.

Hayaƙin da ya tashi ranar Juma'a

Haɗarin da ya fi girgiza Jidda bai fito daga titin ba. Ranar Juma'a 25 ga Maris, 2022, ana cikin atisaye, mayaƙan Houthi na Yemen suka kai hari kan wata ma'ajiyar mai ta kamfanin Aramco mai nisan kilomita goma sha wani abu daga filin. Daga kujerun kallo ana hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Verstappen ma ya kira injiniyansa ta rediyo yana tambaya ko motarsa ce ke ƙonewa, saboda ƙaurin da yake ji.

Direbobi suka shiga taro har tsakar dare ya gota. Bayan hukumomin Saudiyya sun ba da tabbacin tsaro aka amince a ci gaba, kuma ranar Lahadi Verstappen ya doke Charles Leclerc da kusan rabin daƙiƙa. An sha muhawara kan wannan shawarar. Direbobin dai sun samu zama da manya an yi musu bayani, dubban mutanen da suka sayi tikiti kuwa sanarwa kawai suka karanta a wayoyinsu.

Makonni biyu kafin wannan tseren Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan mutum 81 a rana ɗaya, abin da ya ƙara wa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ƙarfin zargin cewa ƙasar na amfani da wasanni tana wanke sunanta. Mahukunta na cewa wasannin wani ɓangare ne na shirin buɗe ƙasar da rage dogaro da mai. Masu wannan ra'ayin kan yi nuni da cewa sai a Yunin 2018 aka bar mata su yi tuƙi, ga shi a 2024 'yan mata sun yi tseren F1 Academy a kan wannan titin. Duka maganganun biyu suna da tushe, kuma babu wadda ta goge ɗayar.

A 2024 ɗin ne kuma 'yan kallo suka samu abin da ba sa cikin tikitinsu. An kwantar da Carlos Sainz za a yi masa tiyatar afendis, Ferrari ta ɗauko Oliver Bearman, ɗan shekara 18 da bai taɓa shiga tseren Formula 1 ba, ya gama a na bakwai. Oscar Piastri na McLaren ne ya lashe na 2025. A dandalin karrama zakaru, abin da ake fesawa a Jidda ba shi da barasa, saɓanin yawancin ƙasashe.

Filin na bakin teku ba na dindindin ba ne. Saudiyya na gina wani sabo a Qiddiya, kusa da Riyadh, kuma can ake shirin mayar da gasar idan an kammala.