Furosesa da Madabod: Zaɓen Kwamfutar Gida a Ƙasar Noman Rani

Manomin da ke ban-ruwa a filayen Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke kwarara, ba ya sayen injin da ya fi ƙarfin gonarsa, don kada mai ya ƙone a banza. Haka ya kamata mai casar shinkafa a Kura, ko malamin makaranta a Bunkure, ya yi lissafi idan zai haɗa kwamfutar tebur don ƙidayar buhuna, buga takardu da karatun yara.

Furosesa ita ce ke sarrafa duk umarnin da aka ba kwamfuta. Madabod kuwa shi ne faifan da ake dasa ta a kai. Yadda tiyo mai inci biyu ba ya kama bakin inji mai inci uku, haka kowace furosesa take da nata soket. Intel Core i3-12100, wadda ta fito a 2022, soket ɗinta LGA1700 ne, kuma madabod mai araha na H610 ya ishe ta. AMD Ryzen 5 5600G ta 2021 kuwa AM4 take shiga, a kan A520 ko B550.

Dukansu biyu da na'urar nuna hoto a cikinsu, saboda haka babu buƙatar katin hoto na daban, mai tsada da shan wuta. Amma a kula: ta Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta da wannan na'ura. Su kansu furosesocin biyu, ƙimar wutarsu wat 60 zuwa 65 ce, abin da zai yi wa mai sola da inbata daɗi. A kuma tambayi irin RAM ɗin da madabod ke karɓa, domin DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5.

Wanda aljihunsa ya fi karkata ga kwamfuta ta hannu, ya sani cewa Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman Intel zubi na 8 zuwa sama. Araha ba ta ado idan bara ta riga ta wuce ta.

Ko a titin Beirut za ka saya ko a Farm Centre, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza, domin wutar da ke hawa da sauka ba ta tambayar nawa aka sayi madabod.