Koyon Zane da Kwamfuta: Babbaƙu Kafin Farfaru

Ya ku malamai da attajirai, ga wata sana'a da ta kamata ku san asalinta, domin 'ya'yanku sun fara shiga cikinta, dukiyarku kuma tana ratsawa ta hannun masu yinta. Ita ce zana fasalin gini, ko ƙofa, ko ƙarfen inji a kwamfuta, tun kafin a aza tubali ko a yanka katako.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1963 wani ɗalibi, Ivan Sutherland, a makarantar fasaha ta MIT, ya nuna yadda za a ja layi a fuskar na'ura da alƙalamin haske. A 1982 kamfanin Autodesk ya fito da manhajar AutoCAD, wadda ta kai wannan aiki ga ƙananan kwamfutoci. Akwai kuma FreeCAD da LibreCAD, waɗanda ba a biyan ko kwabo a kansu.

To, yaya mai koyo zai fara? Kamar dai almajiri. Ba a ba yaro farfaru sai ya san babbaƙu. Babbaƙun wannan fanni su ne miƙaƙƙen layi, da da'ira, da baka, da kusurwa. Farfarunsa kuwa awo ne, watau a gaya wa kowane layi tsawonsa da lamba, ba da ƙiyasin ido ba. Sa'an nan ya koyi rarraba zane hawa-hawa, bango daban, wayar lantarki daban, bututun ruwa daban. Sai ya ƙware a shimfiɗaɗɗen zane kana ya shiga mai tsawo da faɗi da tsayi. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya ɗauki tef ya auna teburin ɗakinsu, ya zana shi, ya buga a takarda, ya gwada da na gaske.

Ga inda hatsarin yake. Na'ura ba ta da hankali, abin da aka faɗa mata shi take bi. Masu zanen gini da milimita suke aiki, alhali a kasuwar katako da ƙafa da inci ake ciniki. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan aka yi zane da milimita, wani ya buɗe shi da lissafin inci, kome zai kumbura fiye da sau 25. Wannan ma da sauƙi, don ido zai gani. Wanda ya fi muni shi ne ƙaramin kuskure, ƙofar da aka ƙera ta ƙi shiga gurbinta, ƙarfe ya tafi, kuɗi sun tafi, amana ta zube.

Saboda haka, ya kai attajiri, kada kyan hoto ya ruɗe ka. Nemi a nuna maka lambobin awo, ka sa magini ya duba su kafin ka biya. Kai kuma malam, hori ɗalibinka da cewa cika awo da shari'a ta yi umurni da shi bai tsaya ga mudu da sikeli ba, ya haɗa da layin da aka ja a na'ura.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.