FASHIN BAƘI: Yadda za ka auna ɗan takarar shugaban ƙasa kafin ka dangwala masa ƙuri'a

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kabuga ko Ƙofar Nasarawa da safe yana cinikin kuɗin A Daidaita Sahu, ya san cewa siyasa ta riga shi fitowa daga gida. Direba zai kawo farashin litar fetur a matsayin hujja, fasinja kuma zai kawo albashinsa. Da yamma zancen zai koma teburin mai shayi da majalisun unguwa, inda galibi ake rufe shi da cewa 'yan siyasa duk kanwar ja ce. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, wannan maƙala za ta duba abin da ke hannun shugaban ƙasa, abin da ba ya hannunsa, da hanyoyin da mai ƙuri'a zai bi ya tantance masu neman kujerar.

Mutum nawa ne suka yanke hukuncin 2023?

A zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajistar hukumar zaɓe ta INEC, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba. Wato kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka fito, adadi mafi ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Bola Tinubu na APC ya yi nasara da ƙuri'a 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya samu 6,984,520, Peter Obi na LP ya samu 6,101,533, sai Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP da ya samu 1,496,687.

Ma'anar wannan lissafi ita ce, ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane goma da ke da rajista ne ya zaɓi wanda ke mulkin ƙasar a yau. A Jihar Kano, inda masu rajista suka kai miliyan 5.9, ƙuri'un da aka kaɗa ba su wuce kimanin miliyan 1.7 ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu sau da yawa, kuma sakamakon ya same su kamar yadda ya samu waɗanda suka sha rana a layi.

Abin da ke hannun shugaban ƙasa

Kuskuren farko da ake yi shi ne auna ɗan takara da aikin da ba nasa ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba ayyuka tsakanin matakan gwamnati uku. Tsaro, rundunar 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, iyakoki da hulɗa da ƙasashen waje duk suna hannun gwamnatin tarayya. Shugaban ƙasa ne ke naɗa hafsoshin tsaro, Sufeto Janar na 'yan sanda, gwamnan Babban Banki da ministoci, shi ne kuma ke gabatar da kasafin kuɗi ga majalisa.

Mazaunin birni ya ga tasirin wannan iko da idonsa. A jawabinsa na karɓar rantsuwa ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin mai, kuma cikin kwanaki kaɗan farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 a hukumance zuwa sama da Naira 500, kafin ya haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake canzawa kusan Naira 460 a hukumance ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta NBS sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayo atamfa da dala, da uwar gidan da ke awo a Kasuwar Rimi, duk waɗannan matakai biyu ne suka sauya musu lissafi.

Haka batun iyaka yake. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma, an sake rufe iyakar ƙasar har zuwa Maris ɗin 2024, lamarin da ya tsayar da harkoki a Jibiya, Illela da Maigatari, ya kuma taɓa kasuwar hatsi ta Dawanau.

Amma kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota aikin ƙaramar hukuma ne. Ruwan famfo, titunan cikin gari, asibitocin jiha da yawancin makarantun sakandare suna wuyan gwamna. Tun bayan gyaran tsarin mulki da aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, jihohi ma suna da ikon kafa dokokin samar da wutar lantarki da rarraba ta. Saboda haka idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya yi alƙawarin gyara magudanar ruwan unguwarku, ya ɗauki alƙawarin da ba ofishinsa ne zai cika ba. Wanda ya kamata a riƙe da wannan magana shi ne kansila, ciyaman da gwamna.

Karanta abin da ya faɗa, ka tambayi yadda zai yi

Darasi mafi girma na 2023 shi ne cewa cire tallafin mai bai zo a ɓoye ba. Tinubu, Atiku da Obi duk sun faɗa a lokacin yaƙin neman zaɓe cewa za su cire shi. Bambancinsu yana wajen yaushe, ta wace hanya, da kuma me za a yi wa talaka kafin a cire. Waɗannan tambayoyi ba su samu gurbi ba a shirye-shiryen sojojin baka na gidajen rediyo, ba su kuma fito a waƙoƙin siyasa da suka cika wayoyinmu ba.

Kowane babban ɗan takara yana fitar da kundin manufofinsa, kuma ana samun su a intanet kyauta. Ba sai ka karanta shi daga bango zuwa bango ba. Ka nemi babin da ya shafe ka, ka yi masa tambayoyi uku: nawa aikin zai ci, daga ina kuɗin za su fito, kuma a wace shekara za a kammala? Ɗalibin da ya yi zaman gida na wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU a 2022 yana da dalilin duba abin da ɗan takara ya rubuta game da kuɗin jami'o'i da rancen ɗalibai. Mai walda ko tela da ke biyan kuɗin wuta ya duba batun farashin lantarki, ganin cewa a Afrilun 2024 an ninka wa masu rukunin A kuɗin wuta fiye da sau uku. Alƙawarin da ba shi da farashi kuma ba shi da wa'adi, babu yadda za a yi a kama mai shi da laifin saɓawa bayan shekara huɗu.

Duba inda ya taɓa riƙewa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manyan 'yan takara huɗu na 2023 duk sun taɓa riƙe muƙami: Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, Atiku ya yi mataimakin shugaban ƙasa a waɗannan shekaru, Obi ya mulki Anambra daga 2006 zuwa 2014, Kwankwaso kuma ya mulki Kano daga 1999 zuwa 2003, da kuma 2011 zuwa 2015. Da wuya a samu babban ɗan takara a ƙasar nan wanda bai bar sawu a wani ofishi ba.

Abin dubawa a tarihin mutum ya wuce gadar sama da ake ɗauka hoto. Ya biya albashi da fansho a kan kari? Bashi nawa ya tarar, nawa ya bari? Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, yana wallafa bashin kowace jiha. Yaya ya yi da 'yan jarida da 'yan adawa da suka soke shi? Ya bi umarnin kotu lokacin da hukunci bai yi masa daɗi ba? Mutumin da ya tsare mai sukarsa yana gwamna zai samu 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a hannunsa idan ya zama shugaban ƙasa.

Akwai kuma takardu. Doka ta wajabta wa kowane ɗan takara ya miƙa wa INEC bayanansa da shaidar karatunsa bisa rantsuwa, hukumar kuma tana liƙa su domin jama'a su gani. Bayanin kadarori kuwa ana miƙa shi ne ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma ba a saba buɗe shi ga jama'a ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana nasa a fili a 2007. Babu abin da ya hana masu zaɓe su nemi kowane ɗan takara ya yi haka tun kafin ranar ƙuri'a.

Su wa ke bayansa?

Tsarin mulki bai amince da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. A 2022, APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa Naira miliyan 100, PDP kuma Naira miliyan 40, tun kafin a zo ga hidimar daliget a zaɓen fitar da gwani. A zaɓen 2023, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a kan Naira biliyan 5. Waɗannan kuɗaɗe daga aljihun wasu suke fitowa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka lura da waɗanda ke jagorantar kwamitin yaƙin neman zaɓensa, domin daga cikinsu ake yawan ɗauko ministoci da shugabannin hukumomi.

Abokin takara ma abin dubawa ne, ba don yankinsa ko addininsa kaɗai ba. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, Goodluck Jonathan ya gaje shi. A 2017 Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasar. Ƙuri'a ɗaya mutum biyu take ɗaurawa a kan mulki.

Lissafin cin zaɓe

Sashe na 134 na tsarin mulki ya gindaya sharaɗi biyu: ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36. Idan babu wanda ya cika, sai a je zagaye na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba tun 1999. A hukuncinta na 26 ga Oktoban 2023, Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne a samu kashi 25 a Abuja ita kaɗai.

Kano tana da tarihi da wannan sharaɗi. A 1979, lokacin da jihohi ke 19, Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kusan kashi 20. Obafemi Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kashi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ta tabbatar wa Shagari kujerarsa da ƙuri'un Kano. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ƙuri'ar da aka ba ɗan takarar da ba zai ci jiharka ba tana iya zama wadda za ta kai shi kashi 25. Yana kuma nuna cewa babu yankin da zai iya naɗa shugaban ƙasa shi kaɗai, don haka ya dace a tambayi kowane ɗan takara: a waɗanne jihohi 24 yake sa ran cika sharaɗin?

Taliya, atamfa da saƙon WhatsApp

A ƙaddara an ba mutum Naira 10,000 ranar zaɓe. Idan aka raba ta a kan kwanakin shekara huɗu, ba ta kai Naira 7 a rana ba. Dokar zaɓe ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa a matsayin masu laifi, kuma INEC ta hana shiga da waya wurin dangwala ƙuri'a domin kada a ɗauki hoton shaida. Ba za a zargi mai jin yunwa ba tare da zargin wanda ya mayar da yunwarsa jari ba, amma ya kamata kowa ya san cewa babu wanda ke ganin inda ya dangwala.

Labaran ƙarya ma suna da nasu farashi. A lokacin zaɓe ne ake yaɗa tsohon bidiyo da sabon suna, da muryar da aka yanke rabin magana, yanzu kuma har da murya da hoton da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira. Kafin ka tura saƙo gaba, ka nemi cikakken jawabin, ranar da aka yi shi, da kafar da ta fara wallafa shi. Haka nan idan malami ko wani mai faɗa a ji ya nuna ɗan takara, kana da damar sauraron hujjarsa ka auna ta kamar ta kowa.

Kafin ranar da kuma bayanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum yana zaɓe ne kawai a rumfar da ya yi rajista, don haka wanda ya sauya unguwa ko gari ya nemi a sauya masa rumfa tun INEC ba ta rufe ba, wanda ya cika shekara 18 ya yi rajista, wanda ya yi kuma ya karɓi katinsa. Takardar ƙuri'a tambarin jam'iyya take ɗauke da shi, ba hoton ɗan takara ba, kuma a wannan zamani na sauya sheƙa dole ne ka tabbatar da jam'iyyar da gwaninka yake ciki. A 2023 an soke ƙuri'a sama da 900,000.

Bayan kaɗa ƙuri'a, doka ta ba ka damar tsayawa a ƙirga a gabanka, a rubuta sakamako a fom ɗin EC8A, a liƙa a rumfa. A 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin IReV a kan lokaci ba, INEC ta ɗora alhakin a kan tangarɗar na'ura, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin manyan batutuwan da aka kai kotu. Hoton takardar sakamakon rumfarka, wanda ka ɗauka bayan an liƙa, shaida ce da za a iya kwatantawa da abin da aka sanar a cibiyar tattara sakamako.

A ƙarshe, ka rubuta alƙawura uku na wanda ka zaɓa, da ranar da ya yi su da wurin da ya yi su, ka ajiye a wayarka. Idan ya ci, su ne za ka riƙa tuna masa da su har wa'adinsa ya cika, kuma da su za ka auna shi idan ya dawo neman zagaye na biyu.